Amincin Allah Ba A Wajen Waɗanda Suka Ji Daɗi Kaɗai Ake Ganinsa Ba

Matasa da yawa a ikilisiya suna zaton dattijon da ya kamata a saurara shi ne wanda komai ya tafi masa daidai: 'ya'ya sun yi aure, jiki lafiya, gida a wadace. Gwauruwar da ta binne miji da ɗa kuwa, gaisuwa kawai take samu.

A ganina nan ake tafka asara. Kalibu, ɗaya daga cikin mutanen da Musa ya aika leƙen asirin ƙasar Kan'ana, yana da shekara 40 aka yi masa alkawarin ƙasa, bai taka rabonsa a matsayin mai shi ba sai yana da 85, bayan ya ga tsararsa sun ƙare a jeji. Ibrahim ma shekara 25 ya yi yana jiran Ishaku. Amincin da Littafi Mai Tsarki yake nunawa cika alkawari ne, ko da an daɗe, ko da an sha wuya a hanya, kuma tsofaffi ne suka yi tsawon ran da za su ga ƙarshen irin wannan jira.

Don haka idan ka zauna da baba ko mama, kada ka tsaya ga albarkun da suka samu. Tambaye su addu'ar da ta yi shekaru ba amsa, da abin da ya hana su barin bangaskiya a lokacin.