Naman Sallah da haƙoran tsofaffinmu

Zan faɗi wata magana, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri. Suyar da muke haɗuwa a yi a gidajenmu na Kano washegarin Babbar Sallah, don masu ƙarfin haƙori aka tsara ta. Tsofaffi kuwa a tsuguna a gaishe su, a ɗauki hoto da su don a tura zauren dangi na WhatsApp, a dire musu kwano, kowa ya kama gabansa.

Bana a gidan surukaina na yi wunin, can cikin gari wajen Mandawari, tsohon gidan ƙasa da aka yi wa kwaskwarima da siminti. Tsarin dai sananne ne. Ranar 10 ga Zulhijja a yanka, a feɗe, a rataye, kayan ciki kawai ake taɓawa. Washegari da sassafe a sauke a hau daddatsawa. Mata suna tsakar gida, manyan tukwane a kan murhu, hayaƙi har cikin ɗakuna. Samari sun hura garwashi a ƙofar gida suna gasa balangu, ga yajin ƙuli da albasa, suna ta hanzari don kada Hawan Daushe ya wuce su.

Shi suruki a irin wannan rana ba shi da mazauni sai soro. Tsakar gida ba wurinka ba ne, kuma ba ka zauna cikin ƙannen matarka kana wawason tsire ba. To kunyar nan ita ta ajiye ni kan tabarma ɗaya da dattawan gidan, kuma a nan idona ya gane mini abin da nake magana a kai.

Aka shigo da faranti shaƙe da soyayyen nama, tsoka zalla, don ai na manya ne. Amma kun san suyar Sallah: a tafasa, a soya har ya bushe ƙayau, saboda so ake ya yi makonni bai lalace ba. Wasu gidajen ma har ajiye wutsiyar ragon suke yi sai ranar cika-ciki. Kawun matata, wanda haƙoran gaba kaɗai suka rage masa, ya ɗauki tsoka guda ya jujjuya ta, ya kai gefen baki, ya ɗan tsotsa, sannan ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun gaba. Da yarinyar da ta kawo ta dawo ɗaukar faranti ta ce, "Kawu, ba ku ci ba." Ya ce, "Na ci, 'yar nan, Allah ya yi albarka. Na jikoki ne na ajiye." Kara ce kawai. Dattijon Bahaushe ba zai buɗe baki a gaban surukin gida ya ce nama ya fi ƙarfinsa ba, ko da kuwa da yunwa zai kwana.

Bayan haƙori ga maganar lafiya. Da wuya ka shiga gidan da ke da tsofaffi yanzu ba ka samu mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a wuni ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali guda. A auna wannan da gishirin da ake zuba wa naman Sallah don kada ya lalace, a haɗa da dunƙulen Maggi, wanda shi ma akasarinsa gishiri ne, a haɗa da na cikin yaji. Sannan a kawo lemon kwalba mai sanyi a ajiye wa Gwaggo, alhali kowa a gidan ya san an hana ta zaƙi.

Na san abin da mata za su ce, kuma suna da gaskiya. Tun asuba suke tsaye a bakin wuta, ido ya yi ja, ga rabon maƙwabta, ga almajirai a ƙofa, ga kuɗin rago da ya sa gidaje da yawa suka koma watanda. Ba ƙarin aiki nake nemo musu ba. Ƙaramar tukunya guda ce. A cire laushin nama tun kafin a zuba gishirin gayya, a bar shi ya dahu luguf a farfesu, a jiƙa gurasa a ciki. Ko a daka dambun nama, tunda dama ana yi, a ware nasu. Kuma wa ya ce sai mata? Samarin da suka iya gasa balangu ba za su kasa gadin tukunya ba.

Abin da ma ya fi damuna ba cin ba ne, zaman ne. Kafin la'asar soron ya watse, an bar mu mu uku. Da na ga shirun ya yi yawa sai na ce, "Baba, wai nawa kuka sayi ragon layyarku na farko?" Ashe jira suke. Baba ya ce ai lokacin da fam da sule ake ciniki, naira sai 1973 ta zo. Kawu ya karɓe da ruɗanin da aka yi a 1972, da aka mayar da tuƙi hannun dama. Suka gangaro kan dalar gyaɗa da jirgin ƙasa ke kwasa zuwa Legas, suka yi gardama mai zafi kan wanda ya fi tuna naɗin Sarki Ado Bayero a 1963. Daga nan aka shiga lissafin dangi: wa ya haifi wa, me ya kai wani reshen gidan Fagge, me ya raba wasu 'yan uwa biyu har yau 'ya'yansu ba sa zumunci sosai. Matata da aka haifa a gidan ba ta san rabin wannan ba, ni bare na je ina ba ta labari da daddare.

Ku 'yan uwana surukai, kunya ta hana mu ci a gabansu, na yarda, ni ma ban kai loma baki ba sai da na koma gida. Amma ba ta hana mu tambaya ba, kuma ba ta hana ka raɗa wa matarka cewa kwanon Kawu ya koma yadda ya zo ba. Na faɗa wa tawa. Ta ce baɗi in Allah ya kai mu ita za ta ɗora tukunyar, da sharaɗin ni zan kawo gawayi da gurasa.