Ƙasar lambunmu na jin yunwa, abincinta kuma na tafiya juji

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya san tulin ruɓaɓɓen tumatur da ganyen kabeji da ɓawon albasa da ake kwashewa kullum. Haka kashin shanu da dattin tumbi a mayankar Oko-Oba ta Agege. Ni a ganina asara ce babba, kuma mu 'yan Arewa ya kamata ta fi yi wa zafi, tunda mu ne 'yan gwari, mu ne mahauta, mu ne kuma masu lambun alayyafo da latas a filayen Ojo.

Ƙasa fa tana da rai. Ban da tana da gara da buzuzu da tururuwa da muke gani, akwai ƙwayoyin halittar da ido ba ya kamawa, waɗanda a cokali ɗaya na ƙasa mai kyau sun fi mutanen duniya yawa. Su ne ke narka ganye da kashin dabba su mai da shi abin da saiwa za ta iya sha. Tana kuwa huda ƙasa take yi, iska ta shiga, ruwa ya nutse maimakon ya kwanta. Ka tumɓuke wake ko gyaɗa ka duba saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A ciki wasu ƙwayoyin ke zaune suna jawo naitirojin daga iska, wato abin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya ba su san sunansa ba, amma sun san aikinsa.

Garar ma da muke tsinewa tana da ranarta. Marigayi Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso, ya farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki, gara ta biyo takin ta fasa ƙasar, ruwan sama ya samu hanya. Har lambar yabo ta Right Livelihood aka ba shi a 2018. A karkarar Kano kuwa, tun kaka da kakanni ake ɗora sharar birni da toka a mangala, jaki ya kai gona.

To mu a nan me muke yi? Feshin maganin ciyawa, a ƙona abin da ya rage, a watsa takin zamani. Ba na gaba da takin zamani, amma shuka yake ciyarwa, ba ya ciyar da halittun ƙasa. Ga ƙasar yankin Ojo rairayi ce, ga ruwan Legas, nan da nan ya wanke kuɗinka zuwa magudanar ruwa. Shi ya sa mai lambu ke kukan cewa bana sai ya ƙara buhu kafin ganye ya yi kore. Masu gidaje su ma sun shafe tsakar gida da siminti da intalok, ko tafin hannu ba a bar wa ruwa ba, sannan ana mamakin ambaliya.

Shugabannin 'yan gwari da na mahauta da sarakunanmu na Hausawa za su iya zama da masu lambu. A ware leda da roba da batir tun daga kasuwa, sauran a kai rami, a haɗa da kashin shanu, a rufe, a riƙa juyawa har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyensa dai kar a zuba kan latas, don ba dafa shi ake yi ba.