Wa zai bi kuɗin ciyarwar yara bayan an tashi daga zaman sulhu?

Mace ta fito daga gidan miji da goyo a baya, tana jan wani da hannu. A Kano, inda ta fi saurin nufa shi ne ofishin Hisba, domin can ba sai da lauya ba. A kira uban yaran, a tuna masa aya ta 233 a Suratul Baƙara, ya ce zai riƙa kawo kaza duk wata, a rubuta, kowa ya sa hannu. Watan farko ya kawo. Na biyu ya aiko da rabi. Na uku wayarsa a kashe.

Hisbar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, sulhu take yi, ba ta da hurumin yanke hukunci. Wannan ikon na alƙali ne. A mazhabar Malikiyya kuwa magana a fili take: riƙon yara na uwa ne, ciyarwa, tufatarwa da magani na kan uba, gwargwadon ƙarfinsa. To wa zai gano wa alƙali wannan ƙarfin? Mai rumfa biyu a Kantin Kwari zai zo kotu da tsohuwar riga, ya rantse kasuwa ta mutu. Alƙali ba zai bar kujerarsa ya tafi ƙirga dilar atamfa ba.

A Ingila, tun dokar 1991 aka ɗora lissafin a kan hukuma. Yanzu tana duba bayanan harajin uba, ta yanka kashi 12 cikin ɗari na abin da yake samu ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku. In ya yi taurin kai, a cire daga albashinsa. Mu yawancin mazanmu ba su da albashi, na sani, amma Hisba tana da ma'aikata a unguwanni, kuma mai unguwa ya san abin da ake dafawa a kowane gida.

Ni a ganina, duk sulhun da aka ƙulla a Hisba a kai wa alƙali ya sa masa hannu ya zama hukunci. Hisba ta binciko abin da uban ke samu, ta kuma karɓi kuɗin da rasit, don kada uwa ta riƙa tsayuwa a ƙofar tsohon mijinta tana roƙo gaban amaryarsa. Ma'aikacin gwamnati a cire nasa kafin albashi ya shiga asusunsa. Sannan a riƙa sake duba adadin duk shekara, domin abin da aka yanka kafin cire tallafin mai a 2023 ba ya sayen kwanon shinkafar da yake saye a da.