Kalmar da na tsinta jiya: bivious

Jiya da daddare ina duba ƙamus don neman wata kalma daban, idona ya faɗa kan wannan: bivious. Na shekara fiye da goma ina koyar da Turanci a sakandare, ban taɓa cin karo da ita ba, ko a littafi ko a bakin mutum. Ma'anarta abu mai hanya biyu, wato inda tafiya ta rabu gida biyu kuma kowane ɓangare a buɗe yake, wanda ka ga dama shi za ka bi.

Asalinta Latin ne. Bi na nufin biyu, shi ne dai wanda ke gaban bicycle, keke mai ƙafa biyu. Via kuma hanya, wadda muke gani a tikitin jirgi idan an ce za a je Legas via Abuja. Kamar da bi ɗin ya yi da namu biyu katari ne kawai, babu dangantaka tsakaninsu.

Wanda aka fi tunawa da shi a kan kalmar wani likita ne na garin Norwich a Ingila, Sir Thomas Browne, da ya rasu a 1682. A littafinsa Christian Morals, wanda aka buga a 1716 bayan rasuwarsa, ya yi nasiha cewa idan magana ta zo da fuska biyu, kowacce tana iya zama daidai, to mutum ya bar kyawun hali ya yanke masa hukunci. A nan ya sa bivious. Bayan wannan sai kalmar ta kwanta a ƙamus, Turawan ma da wuya ka samu wanda ya san ta.

To mene ne amfanin koyon kalmar da masu ita suka jingine? Ni dai ba zan ce wa ɗalibina ya sa ta a jarrabawar WAEC ko a takardar neman aiki ba. Mai duba takardar zai ɗauka kuskure ne, ya ja mata jan layi. Kuma ba na son ɗabi'ar nan ta zuba dogon Turanci don a ce wane ya iya. Amfaninta a wurina shi ne ta buɗe mini ido a kan 'yan uwanta da nake furtawa kullum ban san zuri'a ɗaya ba ce. Obvious ashe abin da ya tsaya maka a kan hanya ne, ba yadda za a yi ka ƙi ganinsa. Previous wanda ya riga ka shiga hanya. Devious wanda ya saki hanya ya bi ta kwana-kwana, shi ya sa ake kiran mai ha'inci da ita. Trivial ta fi burge ni: daga trivium take, mahaɗar hanyoyi uku, inda kowa da kowa ke wucewa, har kalmar ta koma nufin abin da bai taka kara ya karya ba. Wallahi da a haka aka koya mana tun muna aji uku, da haddar ta yi mana sauƙi.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa ya shafi gida ne. Ƙanina ya samu gurbin karatu a jami'a, a daidai lokacin kawunmu ya ce ya zo ya riƙe masa shago a Kantin Kwari. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, ina cikin dilemma." Na ce masa a'a. Dilemma ita ce gaba kura baya sayaki, duk inda ka juya akwai cuta. Kai kuwa ƙofa biyu Allah ya buɗe maka, mutane da yawa ɗaya suke nema ba su samu ba. Kalmar da ya zaɓa ta sa yana kallon ni'ima kamar musiba, har barci ya ƙaurace masa. A lokacin ban san Turanci yana da kalmar da ta dace da halinsa ba.

Hausa kuwa tana da ita, kuma a raye take: mararraba. Daga raba ta fito. Duk wanda ya bi titin Kaduna zuwa Zariya ya san Mararrabar Jos, inda hanyar Jos ta ɓalle. Ga kuma Mararraba ta bakin Abuja, a jihar Nasarawa. Kwandasta na kiranta, tsohuwa a ƙauye ta san ta, ba wanda ke buƙatar ƙamus. Da ƙanina ya ce mini yana mararraba, da na san ya fahimci inda yake tsaye.

Yau da safe na tura masa kalmar ta WhatsApp tare da ma'anarta. Ya amsa da cewa zai yi istihara, kuma ranar Juma'a zai je ya zauna da kawu su yi magana.