Tsarabar Agadas

Ƙanina direban babbar mota ne, yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku. Duk sanda ya sauka Damagaram tsarabarsa sananniya ce: dabino, cuku, wani lokaci gishirin Bilma. Wannan zuwan kuwa kwali ya dire a gabana, an huhhuda shi, ya ce, "Yaya, ga ɗan Aljeriya na kawo maka." Tsokana ce. Tun 2019 da Aljeriya ta ɗauki kofin Afirka na hana 'yan majalisarmu sakat da zancenta, kuma da sunan dabbar da ke cikin kwalin ake kiran 'yan ƙwallonta, kamar yadda namu na Nijar suke Mena.

Da na buɗe kwalin kunnuwa na fara gani, sai daga baya na lura akwai dabba a ƙarƙashinsu. Yanyawa ce, launin rairayi, ko mage ba ta kai ba. Na kai ta sikelin mai shago, kilo 1 da ɗan ɗoriya. Kunnen kuwa ya doshi santimita 15. Ƙanina ya ce ta nan take fitar da zafin jiki, da shi kuma take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin ƙasa. Ya juya mini tafin ƙafarta, duk gashi, takalmin da Allah ya ɗinka mata saboda rairayin hamadar Tenere.

Uwargida ta leƙo daga madafa. "Malam, ita wannan me take ci?"

Na gyara zama na ce, "Ai babu dabba mai sauƙin riƙo irinta. Ko ruwa ba ta cika nema ba, laimar abin da ta ci ta ishe ta."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Wanda ya yi shekara 14 da aure ya san irin wannan addu'ar.

Ranar farko wuni ta yi tana barci a inuwar randa, ta lulluɓe hanci da jela. Yara suka kewaye ta, ni kuma ina ta ɗaukar hoto ina turawa a WhatsApp. Abin da ƙanina ya manta bai faɗa mini ba, mutuniyar ma'aikaciyar dare ce.

Wajen ƙarfe biyu wani ihu ya tashe ni, siriri, tsakanin kukan jariri da ƙarar birkin tsohon keke. Ta bayan katanga na jiyo maƙwabcina Alhaji yana ta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Na ja bargo na yi lamo, kamar ban san komai ba.

Da asuba na ɗauki buta zan yi alwala. Taku uku na yi, na huɗu babu ƙasa. Ƙafata ta dama ta zurma rami har ƙauri, buta ta yi gabas, hula ta yi yamma, ni kuma na durƙusa a gaban turken akuya kamar mai neman gafara. Da gari ya waye na ƙirga ramuka biyar a tsakar gida. A dajinsu haka suke gina gida mai ƙofofi da yawa, ita kuwa ta ga fili ta fara aikin harsashi ba tare da ta nemi mai unguwa ba.

Uwargida tana soya fara ta sayarwa. Tiya biyu ta shanya a faifai bisa turmi, tana ganin ta ɗaga su daga ƙasa. Ashe abin da bai kai mage ba yana tsalle sama da rabin mita. Abin da ba ta ci ba ta watsar, wasu ta binne, wai ajiya. Ƙwan zabi bakwai da aka sa wa kaza kuwa, ɓawonsu muka tarar.

Uwargida ta tsaya a kan faifan ta ce, "Malam, gaskiyarka. Ruwa kam ba ta taɓa ba."

Dare na huɗu na kulle ta a ɗakin awaki na tokare ƙofa da turmi. Da safe sai ga sallama. Alhaji ne, da mataccen ɗan shila a hannu, carbi a ɗayan. Ta haƙa ta ƙarƙashin katanga ta ɓulla daidai akurkin tantabarunsa.

"Malam, karenka ne ko aljaninka? Ka faɗa mini in san wanda zan kira, mai unguwa ko liman."

Na biya kuɗin tantabaru uku, na biya na fara, na sayi buhun siminti. Ƙanina ya dawo da lodi bayan mako guda, na miƙa masa kwalinsa tun bai kashe mota ba. Ya ce zai sake ta bayan Agadas, inda ya samo ta. Sai da ya yi dariya har hawaye, sannan ya tambaye ni ko in an samu namiji ya haɗo mini.

Har yau in na fito masallaci Alhaji sai ya ɗaga murya a gaban jama'a: "Malam, ya ƙafa? Ya labarin ɗan wasan naka?"