Sallama daga asibiti ba ita ce warkewar ƙwaƙwalwar yaro ba

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan cutar sanƙarau a watan Afrilun 2025, maganar da ake ta yi ita ce allurar rigakafi da yawan masu mutuwa. Batun waɗanda suka rayu kuwa, shiru kake ji. Alhali alƙaluman hukumar kanta sun nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar da suka tsallake sanƙarau na ƙwayoyin bakteriya yana fita da tabo mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi, ko wahalar koyo da riƙe abu a kai. Wannan shirun yana ƙona mini rai, domin tushensa wata tsohuwar magana ce da ya kamata a ce an binne ta tuni: "Yaro ne, zai warware."

Ana faɗar ta bayan sanƙarau, ana faɗar ta bayan faɗuwa daga wuri mai tsawo, hatsarin mota, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, nutsewa a ruwa, ko jijjiga jariri da ƙarfi. Da zarar yaro ya miƙe ya yi tafiya, ya kira sunan mahaifiyarsa, sai a rubuta masa sallama, kowa ya yi hamdala, a rufe fayil.

Ra'ayin yana da asali. A shekarun 1930 wata masaniya a Amurka, Margaret Kennard, ta yi gwaji kan birai, ta ga ƙanana sun fi manya saurin dawo da motsin jiki bayan rauni a ƙwaƙwalwa. Mutane suka ɗauki wannan rabin suka bar ɗaya rabin, domin ita kanta ta lura cewa wasu matsalolin sai biran sun girma suke bayyana. Daga baya wata masaniyar ƙwaƙwalwar yara, Vicki Anderson, da abokan aikinta a Ostareliya suka bibiyi yaran da suka ji rauni a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, suka tarar cewa wanda ya ji mummunan rauni yana ƙarami sosai ya fi wanda ya ɗan tasa shan wahala daga baya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babba idan ya ji rauni, abin da ya riga ya iya yake ƙoƙarin maidowa. Yaro kuwa bai gama ginawa ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da tsara aiki, danne fushi da auna sakamakon abu kafin a aikata shi, ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20. Kamar harsashin gini ne da ya tsage: ba a ganin illar sai an ɗora bene. Yaron da ya bugu yana ɗan shekara 4 zai iya zama lafiya lau a ido, domin babu mai neman ɗan shekara 4 ya tsara lokacinsa. Sai ya kai 12, darussa sun yi yawa, malamai sun ƙaru, ya fara manta umarni, ya kasa gama aiki, ya gaji tun kafin tsakar rana, ya yi ta faɗa da abokai. A lokacin babu wanda ke tuna faɗuwar. Sai a kira shi malalaci ko mara tarbiyya, a hukunta shi kan abin da ba ya da iko a kai. Wannan zalunci ne.

Kada kuma a fake da hoton ƙwaƙwalwa. Hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da na'ura a asibiti, yana nuna zubar jini da karayar ƙoƙon kai, amma sau da yawa ba ya nuna yagewar ƙananan zaruruwan jijiya da girgizar kai ke haddasawa. Akwai kuma ƙaramar halittar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran girma. Idan ta samu rauni, yaro na iya daina tsawo ko balagarsa ta rikice, watanni ko shekaru bayan an sallame shi. Farfaɗiya ma haka take iya jinkirin zuwa.

Masu cewa bibiyar irin waɗannan yara tsoratar da iyaye ne kawai ba su taɓa zama da uwar da ta shafe shekaru tana zargin kanta da lalata tarbiyyar ɗanta ba.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa kafin sallama, ko cikin makonni 4, domin cikin kunne na iya daskarewa ya zama ƙashi, damar dasa na'urar ji ta wuce. A rubuta raunin a takardar da za ta bi yaro har makaranta, a sake duba shi lokacin shiga firamare, lokacin shiga sakandare, da lokacin balaga. A aji kuma malami ya riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a rubuce, tare da ɗan hutu tsakanin darussa.