Wa Zai Karanta Abin da Ɗalibi Ya Rubuta?

A shekarar 2022 Jami'ar Sheffield Hallam da ke Ingila ta ce za ta daina ɗaukar ɗalibai a digirin adabin Turanci zalla. Shekara ta zagayo, Jami'ar Marymount da ke jihar Bajiniya a Amurka ta soke digirin Turanci tare da na tarihi da falsafa. Duka biyun a ƙasashen da Turanci ne harshen gida suke. Hujjar masu yanke irin wannan shawara ba ta canzawa: ɗalibai sun ragu, kuɗi ya yi kaɗan, kuma kasuwar aiki ta fi neman mai kwamfuta da mai lissafin kuɗi.

Ba na cikin masu yi wa wannan hujja dariya. Uban da ya sha wahala ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta shekara huɗu yana da haƙƙin tambayar me za ta yi da takardar. Inda na rabu da shugabannin jami'o'in shi ne wajen fahimtar abin da sashen Turanci ke yi. Sun ɗauka wuri ne na koyon nahawu da haddar sunayen marubutan da suka daɗe da mutuwa. A ganina, shi ne ɗaya daga 'yan wuraren da suka rage a kwaleji inda wani babba zai zauna ya karanta abin da ɗalibi ya rubuta, jimla bayan jimla, ya tambaye shi abin da yake nufi.

Na san haka ne saboda an yi min. A shekarata ta farko na rubuta shafi huɗu a kan wata waƙa, na cika su da manyan kalmomin da na tsinto a ƙamus, ina jin babu kamar ni a aji. Takardar ta dawo ba maki a kanta, sai jan biro a gefe, tambaya ɗaya a wuri bakwai: me kake nufi? Na tafi ofishin malamar da niyyar yin ƙorafi. Ta nuna min kujera, ta ce, "Zauna. Karanta min jimlar nan da ƙarfi." Na karanta. Ta ce, "To rufe takardar, ka faɗa min da bakinka." Na buɗe baki, na rasa abin faɗa. Na ce, "Malama, ai a rubuce yake." Ta ce, "A rubuce yake, amma ba ka ce komai ba. Je ka gano abin da kake son faɗa, sannan ka dawo." Sau uku na sake rubuta aikin nan, shafi huɗu suka koma ɗaya da rabi. Ranar na gane cewa mutum zai iya tara kalmomi ya ɓoye a bayansu don kada a ga bai yi tunani ba, kuma har yau in na ga rahoton ofis ko jawabin ɗan siyasa mai kumbura babu nama, muryar matar nan nake ji.

Wannan cuta ba ta ɗaliban yau ba ce kaɗai, ko da yake kowane zamani yana son ya ce a kansa aka fara lalacewa. A 1874 Jami'ar Harvard ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawar rubutu, fiye da rabinsu suka faɗi, alhali 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga makarantun da ake ji da su. Abin da ya sa kenan a 1885 aka wajabta wa 'yan shekarar farko darasin rubutu. A Jami'ar Kambirij ta Ingila kuma wani malami, I. A. Richards, ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi bayan ya cire sunan mawallafi da take, ya ce su rubuta ra'ayinsu. Sakamakon da ya buga a 1929 ya ba da kunya: haziƙan ɗalibai sun kasa kama ma'anar fili ta abin da ke gabansu, sun yabi rarrauna, sun kushe nagari. Da aka ɗauke musu sunan da za su jingina da shi, sai ta bayyana ba su iya karatu ba. Iya karatu a wannan ma'ana, wato ka auna magana da kanta ba da girman wanda ya faɗe ta ba, shi ne abin da alƙali da likita da ɗan jarida da injiniya duk suke bukata.

Akwai suka mai nauyi da ba zan tsallake ba. Darasin Turanci yana da tabon mulkin mallaka. Tun 1835 Thomas Macaulay, wani jami'in mulkin mallakar Birtaniya, ya rubuta takardarsa da ta sa aka fifita koyarwa da Turanci a Indiya, da nufin samar da 'yan ƙasa masu tunani irin na Bature, yayin da ita Jami'ar Oxford sai a 1894 ta amince da digiri a fannin. A 1968 marubucin Kenya Ngũgĩ wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu suka nemi a rushe sashen Turanci a Nairobi, a kafa na adabi da zai sa Afirka a tsakiya. Gaskiyarsu ce. Sai dai a lura da wanda ya yi maganar: mutum ne da ya karanta Turanci a jami'o'in Makerere da Leeds, kuma malami a sashen da yake son a rushe. Chinua Achebe ma likitanci ya shiga karantawa a Ibadan kafin ya koma Turanci da tarihi da nazarin addini, kuma yadda Turawa suka siffanta ɗan Afirka a littattafan da ya karanta yana cikin abin da ya tunzura shi ya ɗauki alƙalami. Horon karatun da aka ba su, da shi suka tuhumi manhajar. Abin da Ngũgĩ ya nema shi ne a canza littattafan da ke kan tebur, bai ce a ɗauke malamin da ke zaune a bakin teburin ba.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 wasu ke cewa koyon rubutu ya zama ɓata lokaci, tunda na'ura za ta zubo maka shafi biyar kafin ka ƙifta ido. Ni akasin haka nake gani. Na'urar ta ƙware a irin rubutun da na miƙa wa malamata: sumul, babu kuskuren nahawu, kuma sau da yawa babu wanda ya yi tunani a bayansa. Ɗalibi zai iya miƙa shi ya samu maki matuƙar ba za a kira shi a ce ya rufe takardar ya faɗa da bakinsa ba. Wannan kiran kuwa sai mutum, kuma mutumin da yake da lokaci.

Lokacin ne aka ƙwace. A yi lissafi: malami mai ɗalibai 150, in zai ba kowane aiki minti ashirin, awa hamsin ke nan a kan aiki ɗaya, ban da lakca da tarukan sashe. Ba mai iya wannan sau huɗu a zango, don haka sai a koma ga tambayoyin zaɓi amsa da na'ura ke dubawa. A Amurka fiye da rabin masu koyarwa a manyan makarantu ba su da kujera ta dindindin, da yawansu a kan kwantiragin zango suke, kuma darasin rubutu na 'yan shekarar farko yana cikin waɗanda aka fi jibga musu. Idan aka zo ƙarin girma, maƙalun da malami ya buga a mujallu ake ƙirgawa. Ba a taɓa tambayar jan biro nawa ya ƙarar a kan takardun ɗalibai ba.

Shi ya sa kalmar "sadaukarwa" take ba ni tsoro a bakin shugabanni. Duk ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, za a yabi malami mai kwana yana duba takardu, washegari a ƙara masa ɗalibai hamsin. Yabon ya zama hanyar guje wa biya. Ba kuma ina cewa kowane malamin Turanci na kirki ne ba. Akwai mai karanta wa aji rubutun da ya yi shekara ashirin da suka wuce, ya fita bai san sunan kowa ba. Amma tsarin da ake bi yanzu irin wannan malamin yake haifarwa, domin shi ne kaɗai zai iya ɗaukar aji mai mutum ɗari biyu ba tare da ya karye ba.

Kwalejin da ke son a yarda cewa tana daraja wannan aiki, ta ƙayyade yawan ɗalibai a ajin rubutu, ta sa awannin duba aiki cikin lissafin nauyin malami da ƙarin girmansa, ta kuma wajabta darasin ga ɗalibin kimiyya kamar yadda ta wajabta wa na adabi. Malamar da ta mayar min da takardata, mu ashirin da 'yan kai ne a ajinta.